Yau Kin Fi Jiya

Ranar da Auta ta kama aikin shara a ɗakin mata na wani asibiti, da safe aka ba ta bokiti da mofa da wata shuɗiyar riga da ta yi mata yawa. Maganar da za ta riƙa faɗa kuwa sai da rana ta take aka ba ta.

Tana duƙe tana goge ƙarƙashin wani gado, sai matar da ke kai, wadda aka ɗaura wa ƙarin ruwa, ta kamo gefen rigarta.

"'Yar nan, ke da kike cikinsu, me kika ji suna cewa a kaina? Zan tashi kuwa?"

Auta ta miƙe riƙe da mofa, bakinta ya yi nauyi. Dama ita tun tana ƙarama, in baƙo ya yi sallama, bayan ƙofa take laɓewa har ya tafi. Ta kalli matar, ta kalli ƙasa, ruwan mofa na ɗiga a kan silifas ɗinta. Matar ta ga wannan shiru, ta ɗauka mugun labari ake ɓoye mata, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Sai da nas ta bar abin da take yi ta zo ta rarrashe ta.

Babbar mai shara, wadda kowa ke kira Uwar Tsintsiya, ta ja Auta zuwa ɗan ɗakin da ake ajiye bokitai, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ke, buɗe kunnenki. A nan shiru ma magana ce. Mu ba likitoci ba ne, ba a ba mu izinin cewa komai a kan ciwon mutum ba. Kika ce ciwo ya yi tsanani, a kore ki. Kika ce gobe za a sallame ta, ba a sallame ta ba, kin zama maƙaryaciya. Kika yi shiru, ai kin ga abin da ya faru. To ga abin da za ki riƙa cewa: yau kin fi jiya. Shi ke nan. Ba ki yi alkawari ba, ba ki ambaci magani ba. Ki haɗa da murmushi, ki ja bokitinki ki yi gaba."

"In ban gan ta jiya ba fa?"

"Wa zai tambaye ki? Na tsufa ina faɗa, ba wadda ta taɓa cewa in kawo shaida."

Wannan magana ta yi wa Auta rana. Ita da gaisuwa ma sai ta yi ta juya ta a zuci kafin ta fito, ga shi an ba ta abin da ba ya bukatar shiri. Da safe ta shigo da bokitinta ta fara daga bakin ƙofa. Duk wadda ta ɗago kai ta dube ta, sai ta ce, "Sannu, yau kin fi jiya." Wata ta yi murmushi, wata ta sa mata albarka, wata ta ce bakinki ya yi zuma. Har wasu masu jinya suka fara kiran ta mai bakin alheri. Da tafiya ta yi tafiya, maganar ta daina bi ta kanta. Hannu na matse mofa, ido na kan tabon da ke ƙasa, baki na aikinsa shi kaɗai.

Ana haka aka kwantar da Goggo.

Goggo yayar mahaifin Auta ce, ita ta ɗauke ta tun tana rarrafe, lokacin da mahaifiyarta ta rasu. Ɗinki take yi, kuma bakinta ya fi allurar kekenta tsini. Tun ranar da Auta ta dawo gida da shuɗiyar riga, Goggo ta sa mata suna Likita. Da farko tsokana ce. "Likita, zo ki duba mana wutar nan, ina jin ta suma." Amma a hankali tsokanar ta fara zama gaske. Maƙwabta suka riƙa kawo kwalin magani ta duba musu, ita da ta bar makaranta tun kafin ta iya karanta ƙananan rubutu. Goggo ce ke korar su, tana cewa, "Ku bar min yarinya ta huta, yini ta yi tana fama da marasa lafiya." Goggo ta san ƙasa Auta ke gogewa. Sai dai a ganinta, wanda ya yini kusa da mai turare ba ya tashi haka nan.

Cikin Goggo ne ya kumbura, idanunta suka yi rawaya, abinci ya daina zama. Aka ba ta gadon bakin taga, kusa da wata tsohuwa mai tabarau wadda ƙashin ƙugunta ya karye. Wannan tsohuwa ta daɗe a ɗakin, kullum da jarida a hannunta. An ce shekara da shekaru ta yi tana koyar da Turanci, shi ya sa har nas-nas Malama suke ce mata, kuma suna kiyaye bakinsu in sun zo gadonta.

Washegari da safe Auta ta iso bakin taga da bokitinta. Goggo ta yafito ta.

"Likita, zo ki gaya min gaskiya. Yaran nan masu fararen kaya sun tsaya a kaina suna ta Turanci kamar ba na wurin. Ke yaya kika gan ni?"

Kafin Auta ta ajiye bokitin, baki ya riga ya amsa.

"Goggo, yau kin fi jiya."

Fuskar Goggo ta washe. Ta juya ta dubi sauran gadajen. "Kun ji ko? Tawa ce wannan, ni na raine ta. Ba ta da surutu, amma in ta faɗi abu ku rubuta ku ajiye."

Haka aka ci gaba. Kullum da safe sai Goggo ta tambaya, kullum sai Auta ta amsa.

Ɗa ɗaya Goggo ta haifa, shi Auta ke kira Yaya. Babbar mota yake tuƙa wa wani kamfani a can nesa, kuma in direba ya ajiye mota ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, wani ake ba. Duk yamma sai ya kira. Goggo ta zaro wayar daga ƙarƙashin matashi ta buɗe murya.

"Ka yi zamanka, na ce! Ka zo ka yi min me, allura ka iya? Likitarmu na nan, kullum sai ta duba ni. Yau ma ta ce na fi jiya. Ita da ke cikinsu ai ta fi ka sani. Kada ka kuskura ka saki motar nan, ka ji na gaya maka."

Auta na can gefe tana goge ƙarfen gado, tana ji. Ba za ta ce ba ta ji daɗi ba. Ba a taɓa kafa hujja da maganarta ba sai yanzu.

Wata safiya aka tura Goggo a keke zuwa ɗakin hoto. Auta ta zo canza zanin gadon. Tana cikin kakkaɓe matashi ta ji an naɗe jarida a bayanta.

"Ke mai shuɗiyar riga. Zo nan."

Ta matsa, ta rusuna. "Sannu Malama, yau kin—"

"Riƙe abinki, na karɓi nawa ɗazu." Malama ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Ni ba na iya tashi, sai kunne. Tun daga bakin ƙofa nake jin ki, gado bayan gado, kamar mai raba kati. Matar nan ta lungu, mai ɗan farin mayafi, kin tuna ta?"

"Na tuna."

"Da safe kika gaya mata ta fi jiya. Kafin yamma aka fitar da ita a lulluɓe."

Auta ta ƙanƙame matashin a ƙirji.

"Ba faɗa nake miki ba, zauna in kina so. Ba kya zama? To tsaya. Mu a aji muna da sunan irin wannan magana. Da Turanci ana ce mata cliché. Kin taɓa ji?"

Ta girgiza kai.

"Magana ce da aka yi ta faɗa, aka yi ta faɗa, har ta suɗe. Kin ga sabulun da ya zama ɗan falle, ana ta murzawa ba kumfa? To haka. Wanda ya fara faɗinta, da gaske yake, ya duba ya gani. Na bayansa kuwa tsinta suka yi. Su ma masu Turancin aro suka yi, an ce asalinta sunan wani farantin ƙarfe ne na masu buga littattafai, a zana rubutu a jikinsa sau ɗaya, a yi ta dannawa a kan takarda. Kin san hatimin da ake buga wa kati a ƙasan bene?"

"Na sani."

"Yawwa. Shi hatimi ba ruwansa da sunan da ke kan katin. Yarana in na ce su rubuta min labarin tafiya, kowa sai ya fara da wata rana da sanyin safiya tsuntsaye na kuka. In ce wane tsuntsu? Shiru. Bai ji tsuntsu ba, a littafin na kusa da shi ya ji shi. Sai in ɗauki jan biro in rubuta kalmar nan a gefe, in mayar masa."

"Ƙarya ce ke nan, Malama?"

"Da ƙarya ce ai da sauƙi. Mai ƙarya ya san gaskiya, ya kalle ta ne ya kauce. Mai wannan kuwa ko kallon bai yi ba." Ta mayar da tabarau. "Ni ba ki cuce ni ba, na san hatimi in na gan shi. Amma goggonki ta ɗauka da hannu kika rubuta mata. Kuma na ji abin da take gaya wa ɗanta."

Ta buɗe jaridarta ta shige bayanta.

Auta ba ta san yadda ta gama shimfiɗa zanin ba. Ta ji kamar duk gadajen ɗakin sun juyo suna kallon ta, alhali kowa na fama da kansa. Ta ja bokiti ta fita, rabin ɗakin ba a goge ba. A ƙasan bene ta wuce tagar masu ba da kati. Malamin kati na hira da na kusa da shi, kansa a juye, hannunsa na ta bugawa, tim, tim, tim. Ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri.

Ta sami Uwar Tsintsiya a ɗakin bokitai tana shan shayi a murfin fulas. Ta gaya mata, a gutsure a gutsure. Kalmar ce ta kasa maimaitawa, ta ce dai wata kalma ce ta Turanci.

Uwar Tsintsiya ta yi tsaki. "Wannan tsohuwar! Ƙugu ya karye, baki bai karye ba. To Turancin ne zai ɗauke mata fo na fitsari? Ki ce ta kira shi gobe da safe." Ta kurɓi shayi. "Ke, duk gaisuwar duniya ai maimaici ce. Ina kwana, lafiya lau. Wa ya taɓa tsayawa ya auna lafiyar? Yaya gajiya, ba gajiya, alhali mutum na jin kamar an daka shi. Da haka ake zaman duniya. In kowa zai faɗi abin da ya gani, wallahi ɗakin nan ba mai kwana."

Auta ta riƙe wannan magana ta tafi da ita gida, tana juya ta. Gaskiya ce ai. Amma wanda aka ce wa lafiya lau ba ya ɗaukar waya ya hana ɗansa zuwa.

Ta yi niyya. Ta ce gobe in Goggo ta tambaya, za ta faɗi wani abu dabam. Ta shirya maganganu a hanya, ta zubar, ta sake shiryawa. Da ta shiga ɗakin ta fara daga bakin ƙofa kamar kullum, sai ta ga ba ta da abin cewa. Mata na ɗago kai, ita tana sunkuyar da nata. Wata mai tari ta ce, "Yau mai bakin alheri fushi ake da mu?" Ta yi yaƙe ta wuce.

Ta iso bakin taga. Goggo na jingine da matashi biyu, tana jiran ta.

"Likita, kin makara. To yaya kika gan ni?"

Jaridar Malama ta ɗan sauka. Auta ta ga gilashin tabarau ta saman takardar. Duk abin da ta shirya ya watse kamar an kora kaji. Goggo na kallon ta, baki a ɗan buɗe, irin kallon yaron da ya miƙa hannu. Shirun ya fara tsawo, kuma ta san abin da shiru ke yi a ɗakin nan.

"Yau kin fi jiya, Goggo."

"Alhamdu lillahi," in ji Goggo, ta gyara kwanciya.

Malama ta mayar da ido kan jarida. Ta juya shafi kawai. Da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Da rana tana wanke fo a famfon baya, babbar nas ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"Wai ke ce 'yar tsohuwar nan ta bakin taga?"

"Ni ce."

"Likita ya ga hoton. Ya ce a kira ɗanta, akwai maganar da zai yi da shi ido da ido, kuma ba ta jira ba ce. Na gaya mata, na sake gaya mata. Ta ce min wai likitarta ta gida ta ce tana samun sauƙi. Na ce wace likita? Ta nuna min mai mofa." Nas ta dube ta sama da ƙasa. "Me kika ce mata?"

Auta ta faɗa, a hankali, idonta a kan famfo.

"Wannan ta Uwar Tsintsiya? Ita kika ba goggonki?" Nas ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba daɗi a cikinta. "To ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ni ba ta jin tawa. Kuma kada ki kai gobe."

Ruwa ya cika fo yana zuba a ƙafarta, ba ta kashe famfon ba sai da nas ta miƙa hannu ta kashe.

Ta yi tunanin ta kira Yaya a ɓoye. Amma ta san shi. Yana ajiye wayarta zai kira uwarsa, uwarsa ta ce zauna, shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa tsallake maganarta ba. Ba wata hanya sai ta bakin taga.

Ta wanke hannu ta koma ɗakin ba bokiti. Ta ja labulen da ke zagaye gadon Goggo, ta zauna a bakin katifa, abin da aka hana masu shara.

"Lafiya, Likita? Yau kuma duba na musamman za a yi min?"

"Goggo, ki daina ce min Likita."

"Ikon Allah. An ƙara miki girma ne?"

Auta ta kama bakin rigarta tana murzawa. "Maganar nan da nake gaya miki kullum. Ba tawa ba ce. Koya min aka yi ranar da na fara aiki, don kada in yi shiru. Kowa nake gaya wa."

Goggo ta daina murmushi. "Kowa kamar yaya?"

"Duk ɗakin. Tun daga bakin ƙofa."

"Har mai tarin can?"

"Har ita."

"Har wadda aka..." Goggo ta nuna lungu da haɓa.

Auta ta gyaɗa kai. Hawaye ya ɗiga a kan shuɗiyar rigar, ya yi baƙi-baƙi.

A bayan labule an daina jin motsin jarida.

"Ni kuwa na yi ta yi wa mutane fariya da ke," in ji Goggo, ba da ƙarfi ba. "Na ce su rubuta su ajiye. Ashe kowa na da irin tawa a ƙarƙashin matashi."

"Ki yafe min, Goggo."

"Bar wannan tukuna. Ɗago kanki. Na ce ɗago! Tun kina ƙarama nake fama da ke a kan kallon ƙasa, me aka binne miki a ciki? Dube ni. Yanzu gaya min abin da kika gani."

Auta ta ɗago. Tun da aka kwantar da Goggo, sai yanzu ta tsaya ta dube ta sosai. Wuyan ya zama siriri, ƙasusuwan kafaɗa sun fito ta cikin riga. Leɓunan sun bushe sun tsattsage. Sai ta gane ashe ta daɗe da sanin wasu abubuwa, hannunta ya sani, ita ce ba ta tsaya ta saurara ba.

"Zobenki da ba ya fita ko da sabulu, shekaranjiya a cikin zanin gado na tsince shi. Na mayar miki kina barci." Ta ja numfashi. "Kwanon abincinki, yadda aka kawo haka nake ɗaukewa. Ƙafafunki sun fi na ranar da muka zo kumburi, in na danna wurin ba ya tasowa. A da daga bakin ƙofa nake jin muryarki, yanzu sai na zo tsakiyar ɗaki. Ban san sunan ciwon ba, Goggo. Ban san komai ba, ƙasa nake gogewa. Amma likitan gaske na neman Yaya, kuma nas ta ce kada a kai gobe."

Goggo ta ɗaga hannunta ta kalli zoben. Ta tura shi da babban yatsa, ya zame har gaɓa ba wata gardama. Ta juya fuska wajen taga. A waje wani na tura keken iskar numfashi, ƙafarsa ɗaya na ƙara.

"Za su ba wani motar," ta ce wa tagar.

Bakin Auta ya kawo mata wasu maganganu, irin su komai zai wuce, irin su ba komai, duk ga su nan a shirye kamar an jera. Ta danne su da haƙori.

"Miƙo min wayar."

Ta zaro ta daga ƙarƙashin matashi. Goggo ta latsa da kanta, ta kara a kunne. Da aka ɗauka ta buɗe baki, ta rufe. Sai ta miƙa wa Auta.

"Ga ƙanwarka," ta ce daga nesa, ta sake juyawa wajen taga.

Tsakanin Auta da Yaya ba a taɓa wuce gaisuwa ba. Muryarsa ta fito tare da ƙugin inji.

"Likita da kanta! Yaya mai jiki? An ce sai ƙara sauƙi ake samu, Allah ya saka miki."

"Yaya, ka zo."

"Me kika ce? Ɗaga murya, ina kan hanya."

"Na ce ka zo. Likita na neman ka."

Ƙugin injin ya ragu, ta ji ya sauka gefen titi. "Wane irin in zo? Ba ke kika ce ta fi—"

"Ni na ce. Ban duba ba na ce."

Ta ji numfashinsa, ta ji wata mota ta wuce shi da hon. Ta jira faɗa, ta ma fi son ya yi faɗan.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun farko."

"Ba ni Umma."

Auta ta miƙa wayar. Goggo ta girgiza kai ba tare da ta juyo ba.

"Ta ce... ba ta ce komai ba. Ba ta karɓa ba."

"Ki ce mata zan kai kayan nan in ajiye musu makullinsu. Ki ce ina hanya." Ya kashe.

Ta faɗa wa Goggo. Goggo ta gyaɗa kai. Auta ta zauna riƙe da wayar, ba ta san ko ta tashi ko ta zauna ba. Ta san rabin aikinta na can na jira, ta san in Uwar Tsintsiya ta leƙo ta gan ta a kan katifa sai ta ji a jikinta. Ta yunƙura za ta miƙe.

"Ina za ki?" in ji Goggo. Har yanzu ba ta kalle ta ba. "Buɗe jakar nan, akwai mataji a aljihun gefe. Ki tsefe min kan nan ki gyara. Ba zai zo ya same ni kamar mahaukaciya ba."

Auta ta ɗauko matajin. Ta tallafo Goggo ta zaunar, ta ji nauyinta bai kai na bokiti cike da ruwa ba. Ta zame ɗankwalin, ta fara warware kitson da ya daɗe, a hankali, daga ƙeya. Da ta sa mataji ta ja, sai ya fito cike da gashi, fari da baƙi. Ta tsaya tana kallon sa a tafin hannunta. Aljihun rigarta na nan kusa, kuma Goggo ba ta ganin bayanta.

"Me ya tsayar da ke? Zuba yake yi?"

"Yana zuba, Goggo. Da yawa."

Goggo ta miƙo hannu ta baya, Auta ta sa mata gashin a ciki. Ta duba shi, ta dunƙule.

"To bi a hankali," ta ce. "Ki kama abin da ya saura."